Amsar Wasiƙunku: Duba Ɗinkin Buhu Kafin Ka Kwance

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Kebbe, ya rubuto cewa ɗansa mai aikin kwamfuta a Sakkwato ya kwana uku yana fama da manhajar aika wasiƙun imel, ta ƙi haɗuwa. Yana tambaya, ina gyaran yake?

To Malam, abin kamar sayen taki ne a kasuwar Tambuwal. Kafin ka kwance buhu, ai sai ka duba ɗinkin bakinsa. Ita ma manhaja tana zuwa da hatimin masu ita, wasu lambobi da ake gwadawa. In ba su dace ba, kada yaron ya yi aiki da ita, ya sake ɗauko wata.

Wannan ba wasa ba ne. A 2002 ɓarayin intanet sun cusa mugun abu cikin Sendmail, manhajar wasiƙu da Eric Allman ya fara rubutawa a Amurka. Wanda duk ya haɗa gurɓataccen kwafin, ya buɗe musu ƙofar kwamfutarsa. Wanda ya duba hatimi kuwa ya tsira.

Na biyu, faci, wato gyaran da ake liƙa wa manhaja. Kowane faci an yanka shi ne daidai da samfuri guda. In aka kai shi kan wani, ba lallai ne ya zauna ba.

Na uku, in haɗawa ta tsaya, ya koma kan kuskuren farko da na'ura ta rubuta. Sau da yawa wani kayan aiki ne babu, sauran kurakuran duk 'ya'yansa ne.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da sa'a.