Na'urar da Ke Taya Rubuta Manhaja: Ina Matsayinmu?



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani sabon abu da ya shigo cikin sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, watau mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda mutum zai faɗa wa abin da yake so da magana irin ta yau da kullum, su kuwa su zuba masa umarnin kwamfuta layi-layi cikin ƙiftawar ido. Za mu dubi al'amarin ne ta fuskar ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum.

Kamfanin GitHub ya fara nuna nasa mataimakin, Copilot, a watan Yuni na 2021, ya sa shi kasuwa a 2022 a kan dala 10 kowane wata. A Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, wasu kuma suka biyo baya. Asalin aikinsu ɗaya ne: an horar da su da tarin umarnin da mutane suka riga suka rubuta suka baza a intanet, har suka iya hasashen layin da ya kamata ya biyo bayan wanda ke gabansu. Saboda haka abin da aka saba rubutawa sau dubbai, suna kawo shi da kyau, kuma haƙiƙa suna rage wahala ƙwarai. Abin da ba a saba ba kuwa, sai su yi kirdado, su miƙo shi ba tare da wata alamar shakka ba. Har sunan kundin umarnin da babu shi a duniya sukan ƙaga.

Kada mu manta, watanni kaɗan bayan fitowar Copilot, a Satumban 2021, aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Galibin mataimakan nan kuwa a kan manyan kwamfutocin wasu ƙasashe suke aiki. In layi ya yanke, sun yi shiru. Ɗalibin da bai iya rubuta layi goma da kansa ba, a irin wannan rana sai ya naɗe hannu.

Amma babban abin da muke so mu tsaya a kansa ya fi wannan nauyi. Kowa a nan ya san annobar gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan da ake daka dutsen zinariya cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi ta gwajin jinin yara tana ba su magani, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. Ta Bagega sai a 2013 aka samu kwashewa. Ana auna dalmar jini da maikirogiram a cikin desilita ɗaya, kuma yaron da nasa ya kai 45 shi ake sa wa maganin da ke fitar da ita. Ƙaramar na'urar gwajin da aka yi amfani da ita, LeadCare II, iyakarta 65. In jini ya wuce haka, ba ta ba da lamba, sai ta nuna kalmar Turanci mai nufin ya yi sama. A ƙauyukan nan kuwa, yara da yawa sun wuce iyakar.

To, a ce yau an ba ɗayanmu, matashin ma'aikaci a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, aikin rubuta 'yar manhaja da za ta jera sunayen yaran da za a kira a ba magani. Sai ya ce wa mataimakinsa: fitar mini da duk wanda sakamakonsa ya kai 45. Mataimaki ya rubuta, manhaja ta yi aiki, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Sai dai akwai wata dabara da ta zama ruwan dare cikin umarnin da ya koya: in aka tarar da kalma a gurbin da ake jiran lamba, a tsallake layin, ko a ɗauke shi kamar ba a rubuta kome ba. Ke nan yaran da dalma ta fi yi wa yawa, waɗanda na'urar gwaji ta kasa aunawa, su ne za su ɓace daga jerin. Takarda za ta fito tsaf, shugaban sashe ya sa hannu, mota ta tafi ƙauye ta bar su.

Na'urar ba ta yi ƙeta ba. Abin da aka tambaye ta shi ta yi. Wanda zai kama wannan kuskure sai ya haɗa abu biyu: ya iya karanta umarnin layi-layi ya gane abin da kowane yake yi, ya kuma san yadda ake gwaji a Bagega. Injiniyan da ke Amurka yana da na farko, ma'aikacin asibitin ƙauye yana da na biyu. Mu da muka fito daga can muka zo jami'a, mu ne muke da damar haɗa su.

Ƙananan misalai ma suna nan birjik. Manhaja za ta nace sai an ba ta ranar haihuwa, alhali uwa ta ce an haifi yaron ne da kaka, shekarar da ruwa ya yi gyara. Za ta ɗauki Abubakar Muhammad guda uku na gari ɗaya ta mai da su mutum ɗaya. Za ta raba Ɗanjuma mai lanƙwasa da Danjuma marar ita ta ce mutum biyu ne. Ku auna irin wannan a jerin waɗanda ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ta rushe wa gidaje, inda tsallake suna ɗaya ke nufin gida guda bai sami buhun hatsi ba.

Ba mu ce a guje su ba. Wasu abokanmu suna ganin amfani da su ha'inci ne, mu ba mu yarda da wannan ba, sai fa a ɗakin jarrabawa. Roƙonmu ga malaman kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara shi ne, a shekarar farko a bar ɗalibi ya rubuta da hannunsa. Daga baya a ba shi abin da na'ura ta rubuta, tare da bayanai masu datti irin na ofisoshinmu, a ce ya nemo inda zai karye, a ba shi maki a kan haka. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, kafin ku karɓi kowace manhaja daga hannun ɗan kwangila, ku zauna da shi ku shigar da suna ashirin daga tsohuwar rajistarku, har da masu gurbi a buɗe da masu kalma a wurin lamba, sa'an nan ku ƙirga da idonku ko ashirin ɗin sun fito.