Kankare Ma Yana Gajiya

Benaye na ta tashi a Tumfure, kan hanyar Bauchi, wasu kuma sai an gama gini ake ɗora musu tankin ruwa ko ƙarin hawa. Kankare kuwa, ko da simintin Ashaka aka zuba shi, lotsawa yake yi sannu a hankali tsawon shekaru muddin akwai nauyi a kansa, balle in an cire katakon tokare tun bai cika kwana 28 da injiniyoyi ke auna ƙarfinsa ba. Wani zai ce gininsa ya daɗe bai motsa ba. To, ta tsagar da lotsawar ke buɗewa ruwan damina ke shiga, rodi ya yi tsatsa. Tanki mai lita 2,000 cike da ruwa tan 2 ne. Kafin a ƙara wa gini nauyi, a tuntuɓi injiniya.