SABUWAR HAIHUWA DA TAFIYA CIKIN RUHU

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cikar ikkilisiya shekara 50

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya riƙe wannan ikkilisiya shekara 50. Da yawa cikin waɗanda suka aza tushenta sun riga mu zuwa gida, amma aikinsu yana nan.

Asalin bikin shekara hamsin yana cikin Littafin Firistoci sura 25. Allah ya umarci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta hamsin, a saki wanda talauci ya sa ya sayar da kansa bauta, a mayar wa kowa gonar gādonsa. Ashe shekarar gyara ce da sabon farawa. Shi ya sa muka ga ya dace, ban da ɗinkin anko da cin abinci, mu yi wa kanmu tambaya biyu a yau: An sāke haihuwarmu? Wane ne yake bi da mu?

1. ABIN DA MUKA GĀDA

Bishara ba ta iso mu da araha ba. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasashenmu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. A 1904 Dokta Karl Kumm da abokansa suka kafa zango a Wase. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A shekarun 1960 kuma aikin Sabon Rai Don Kowa ya fitar da manoma da mata da 'yan makaranta zuwa wa'azi ƙauye ƙauye. Iyayenmu da yawa sun sha kora daga gida saboda tubansu. Sun yi sujada ƙarƙashin rufin ciyawa bisa bencin laka, suna murna.

Mu fa, mun tarar da gini, da littafin waƙoƙi, da suna na Krista. Amma Littafin Mahukunta sura 2 yana faɗakar da mu. Bayan mutuwar Joshuwa da tsararsa, 'ya'yan da suka taso ba su san Ubangiji da kansu ba, nan da nan kuwa suka koma ga gumaka. Ana gādon gona da gida, ana gādon kujera a majami'a, amma ceto kowa sai ya karɓi nasa.

2. MECE CE SABUWAR HAIHUWA?

A Yohanna sura 3 mun ga Nikodimu, Bafarisiye, shugaba, malamin Isra'ila. Da a cikinmu yake, da tuni mun zaɓe shi dattijo. Duk da haka Yesu ya nuna masa cewa iliminsa da matsayinsa ba za su shigar da shi Mulkin Allah ba, sai Ruhu ya ba shi sabon rai daga sama. Tun da daɗewa Allah ya yi wannan alkawari ta bakin Ezekiyel a sura 36, cewa zai canza taurarriyar zuciya, ya sa Ruhunsa cikin jama'arsa.

Manoma a cikinmu sun san mangwaro mai aure. Ana yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da ƙaramin itace, a ɗaure har su kama, sa'an nan 'ya'yan su fito manya masu zaƙi. Amma wanda ya shuka ƙwallon wannan mangwaro, sau da yawa abin da zai samu daban ne da na uwar. Kowane itace sai an yi masa nasa aure. Haka ɗan fasto, haka jikar mai bishara. Dole kowannenmu ya yarda shi mai zunubi ne, ya tuba, ya dogara ga mutuwar Yesu da tashinsa.

Baftisma umarnin Ubangiji ce, ba mu rena ta ba. Amma Siman mai sihiri na Ayyukan Manzanni sura 8 an yi masa baftisma, Bitrus kuwa ya tsauta masa domin zuciyarsa ba ta gyaru ba. Katin baftisma a akwati bai isa shaida ba. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

3. TAFIYA CIKIN RUHU

Haihuwa sau ɗaya ce, tafiya kuwa ta kullum ce. A Galatiyawa sura 5 Manzo Bulus ya lasafta abu tara da Ruhu yake haifarwa cikin mai bi, na farinsu ƙauna, na ƙarshensu kamunkai. Mu lura, duka tara ɗin hali ne. Ƙarfin murya wajen addu'a ba ya cikinsu. A gida da kasuwa da ofis ake gane su: mudun da muke awo da shi, yadda maigida yake magana da matarsa, yadda ma'aji yake riƙe kuɗin baiko.

'Yan'uwa, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Lokacin zaɓen dattawa mukan fara tambayar ƙabilar mutum kafin halinsa. Akwai waɗanda suke cin Jibin Ubangiji tare, alhali shekara da shekaru ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Akwai mai zuwa sujada da safe, in ciwo ya yi tsanani ya lallaɓa wurin boka da dare. Waɗansunmu kuma sun yi hasarar 'yan'uwa da dukiya cikin tashe-tashen hankula, har ɗacin rai ya yi saiwa a zuciya. Mun san zafin wannan. Amma Istifanas, cike da Ruhu, ya roƙa wa masu jifansa gafara. Da ƙarfinmu ba za mu iya ba, Ruhu ne yake ba da iko.

Yaya za mu san muryar Ruhu? Ba ya saɓa wa Maganar Allah, yana ɗaukaka Yesu, yana kuwa kai mu ga tuba da sulhu. Duk mai cewa an yi masa wahayi amma yana raba gidaje ko yana sayar da addu'a, mu gwada shi da Littafi kafin mu bi shi.

4. ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, wanda bai tabbatar da cetonsa ba, kada kunyar tsufa ko matsayi ta hana shi. Ya ga fasto ko dattijo yau. Na biyu, mu farfaɗo da addu'ar iyali safe da yamma, yaranmu su ji mu muna karanta Littafi. Na uku, wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya sake shi kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, wanda kuma ya danne haƙƙin gwauruwa ko maraya ya mayar. Na huɗu, mu tallafa wa masu bishara da suke fagen aiki, mu ma mu buɗe baki mu yi shaida cikin ladabi da salama.

Yawancinmu ba za mu ga cikar shekara 100 ba. Idan Ubangiji bai dawo ba tukuna, waɗannan yara na Makarantar Lahadi su ne za su tsaya a nan. Abin da suka gani a rayuwarmu shi za su ɗauka. Ubangiji ya sabunta mu ta wurin Ruhunsa, ya riƙe ikkilisiyarsa har ranar zuwansa. Amin.