Ƙafar Kyamara: Abin da Muka Koya a Maƙera



An nemi mu yi bayani a kan yadda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai zaɓi ƙafar kyamara, watau wannan madogara mai ƙafa uku da akan ɗora kyamara a kai, ba tare da ya zubar da ɗan kuɗinsa a banza ba. Mun san wasu za su ce a ransu, ashe har sanduna uku sun isa a tara jama'a dominsu? Mu ma haka muka ɗauka da farko. Saboda haka za mu fara da faɗin abin da ya kai mu ga wannan magana, sa'an nan mu zo ga yadda ake zaɓen.

Duk wanda ya ƙetare kogin Kaduna ya nufi kudu, ya shiga Maƙera da maƙwabciyarta Kakuri, ya shiga wurin da masana'antun Arewa suka fara tsayawa da ƙafafunsu. A shekarar 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan sun ci abinci a waɗannan wurare, sun yi aure, sun gina gidaje, sun sa 'ya'yansu a makaranta. Daga bisani al'amari ya juya, KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofarta a 2007. Yawancinmu da ke wannan ɗaki ba mu taɓa jin ƙarar injinan nan ba, sai dai labari a bakin iyaye da kakanni.

To, gine-ginen suna tsufa, mutanen da suka yi aiki a cikinsu su ma suna tsufa. A akwatunan gidaje da yawa akwai tsofaffin hotuna da katunan shaidar aiki da takardun yabo, waɗanda gara da danshi ke ci sannu a hankali. Wannan ne ya sa mu 'yan kaɗan muka yi shawarar mu riƙa zuwa Maƙera a lokacin hutu, mu ɗauki hoton abin da ya saura, mu kuma kwafi abin da dattawa suka yarda su nuna mana. Muka haɗa kuɗi muka sayi kyamara ta hannu, ɗan abin da ya rage kuwa muka sayi ƙafa da shi, mafi araha da muka samu a wani kanti.

Ranar farko, da la'asar sakaliya a cikin hunturu, muka kafa ta a gefen titi. Iska na kaɗawa, manyan motoci na wucewa. A fuskar kyamara hotunan sun yi kyau, amma da muka buɗe su a kwamfuta sai muka tarar ba ko ɗaya da za a iya karanta rubutun da ke jikin bango. Mako biyu bayan haka muna gidan wani dattijo, ya fito mana da hoton sashensu na saƙa, muka sunkuyar da kyamara don mu kwafa, sai maƙallin roba na ƙafa ɗaya ya saki. Allah ya kiyaye ɗayanmu ya cafe igiyar kyamarar kafin ta kai ƙasa. Dattijon ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, ku je ku gyara kayanku ku dawo." Kafin hutu na gaba ya zo, ya koma garinsu da akwatinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mu a wurinmu har hoton da ba za mu sake samu ba ta ci mana.

Domin a gane amfanin ƙafar, sai a fara gane yadda hoto ke samuwa. Kyamara takan buɗe idonta haske ya shiga, sa'an nan ta rufe. Idan rana ta take, wannan ƙiftawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na sakan, hannu bai isa ya ɓata hoton ba. Amma a cikin ɗaki, ko bayan faɗuwar rana, sai idon ya zauna a buɗe rabin sakan ko sakan biyu ko fiye, alhali kuwa ba ɗan Adam ɗin da zai iya riƙe abu cik na tsawon wannan lokaci, tun da numfashi da bugun zuciya ma motsi ne. Masu sana'ar suna da tsohuwar ƙa'ida: idan madubin kyamara mai milimita 50 ne, kada ƙiftawar ta fi kashi ɗaya cikin 50 na sakan jinkiri in da hannu za a riƙe, idan mai milimita 200 ne, kashi ɗaya cikin 200. Watau gwargwadon yadda madubi ke jawo abu na nesa, gwargwadon yadda yake ƙara girman rawar hannu. Kyamarori da wayoyin yanzu suna da dabarar rage girgiza, kuma tana taimakawa, amma tana da iyaka. Ana kuma iya ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, sai dai hoton yakan fito da burtsatse kamar an watsa masa yashi.

Wannan matsala ta girmi kowa a nan. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Faris, kuma saboda idon kyamararsa ya daɗe a buɗe na wasu mintoci, duk kekunan doki da masu tafiya suka ɓace daga hoton, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Tun daga wancan zamani abin da ya tsaya shi ne ke fita sosai a hoto, kuma kafin komai ya tsaya sai kyamarar kanta ta tsaya. Dalilin ƙafa uku kuwa, iyayenmu mata sun riga mu saninsa: duwatsu uku ake girka wa tukunya. Kujera mai ƙafa huɗu takan yi rangaji a ƙasa marar daidai, mai uku ba ta yi.

Yanzu sai mu zo ga zaɓe. Abu na farko shi ne ƙarfin ƙafafun. A dubi kaurin bututun da ke sama. Ga kyamara madaidaiciya, wanda ya kai milimita 25 zuwa 28 ya wadatar. A kuma dubi gaɓar ƙarshe ta ƙasa, domin ita ce mafi siranta. Idan ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, iska za ta yi wasa da ita. Ƙafa mai gaɓa uku ta fi mai huɗu ko biyar tsayuwa, saboda kowace mahaɗa wurin motsi ce, ko da yake mai gaɓoɓi da yawa ta fi naɗuwa ta shiga jaka. Kada kuma a ruɗu da nauyin da aka rubuta a kwali cewa za ta iya ɗauka, domin kowane kamfani da irin awonsa. A auna kyamara da madubinta mafi nauyi, a nemi ƙafar da aka rubuta wa ninki biyu ko uku na wannan.

Na biyu shi ne abin da aka ƙera ta da shi. Yawancin waɗanda ke kasuwa na alminiyam ne, kuma mai kyau a cikinsu takan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Akwai na zaren kabon, irin wanda kamfanin Gitzo ya fara fitarwa a 1994. Ya fi sauƙin ɗauka, yana kuma saurin kashe girgiza, amma kuɗinsa ya yi wa aljihun ɗalibi yawa. Akwai kuma na katako, irin na masu awon ƙasa, wanda yake shanye girgiza ƙwarai, sai dai nauyi. Ra'ayinmu shi ne, alminiyam mai kauri ya ishi wanda zai hau Keke Napep daga cikin gari zuwa Maƙera. Amma fa a yi la'akari da kafaɗa, domin ƙafar da nauyinta ya sa aka bar ta a ɗakin kwana ba ta amfani kowa ba.

Na uku shi ne tsayi. A tsakiyar yawancin ƙafafu akwai sandar da ake zarowa sama don ƙarin tsayi, kuma masu sayarwa da ita suke lissafi. Da zarar an zaro ta, kyamara ta koma kan sanda ɗaya ke nan, an zubar da amfanin ƙafa uku. Saboda haka a auna tsayin ba tare da ita ba. Ga mutum madaidaici, ƙafafun da suka kai santimita 130 zuwa 140, in an haɗa da kai da kyamara, za su zo kusa da ido. Ga masu aiki irin namu kuma, a nemi wadda ake iya juya sandarta ƙasa ko a kwantar da ita, domin da haka ake sa kyamara ta kalli takarda a kan tabarma sak, a kwafe ta ba karkata.

Na huɗu shi ne kai, inda kyamara ke zama, kuma a nan ne kayan araha suka fi cin amana. Kai mai ƙwallo ya fi sauri, maɗauri ɗaya ke riƙe shi. Kai mai hannaye uku ya fi jinkiri, amma ya fi dacewa da hoton gini da na takarda, don kowace fuska ana daidaita ta ita kaɗai. Masu ɗaukar bidiyo kuwa suna bukatar kai mai ruwa a ciki, wanda ke juyawa sumul. Kowanne aka zaɓa, ya zama na ƙarfe, kuma wanda ake iya kwancewa a sauya. Abin farin ciki, sukurun da ke shiga gindin kyamara awonsa ɗaya ne kusan a ko'ina, rubu'in inci, wanda ke haɗa kai da ƙafafu kuma yawanci kashi uku cikin takwas na inci. Don haka ana iya haɗa ƙafafun wani kamfani da kan wani, mai waya kuma ya sayi ɗan maƙalli ya ɗaura.

Gani ya kori ji, sai an gwada akan san na ƙwarai. A je kanti da kyamarar, a miƙe ƙafafun duka, a ɗaure. A dafa samanta a danna da ƙarfi, a ga ko wata gaɓa za ta zame. A kama ta a murɗa hagu da dama, a ji ko tana lanƙwasa. A ɗora kyamara, a jawo wani rubutu na nesa, a ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, a ƙirga tsawon lokacin da hoton zai yi yana rawa. Idan ya wuce sakan biyu ko uku, a ajiye ta. A ƙarshe a karkata kyamarar ƙasa a ɗaure kan, a saki hannu, a ga ko za ta sunkuya da kanta. Mai kantin da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Game da kuɗi, ba za mu ambaci farashi ba, domin kafin mujalla ta fito ya sauya. Abin da za mu ce shi ne, tsohuwar ƙafa ta hannu daga kamfanin da aka sani, kamar Manfrotto na Italiya ko Slik da Velbon na Japan, sau da yawa ta fi sabuwa marar suna. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, ƙafa mai kyau kuwa takan ga bayan kyamara biyu ko uku. A duba kada bututu ya lanƙwashe, kada mahaɗa ta tsage, kuma farantin da ake ɗaura wa kyamara yana nan, don neman irinsa wahala ne. A fifita wadda aka haɗa da noti a kan wadda aka manne, domin a unguwa irin Maƙera, wadda sunanta ma na masu ƙira ne, ba a rasa mai gyaran abin da ake iya kwancewa. Idan kuɗin bai kai ba, gara a jira, ko mutum huɗu su haɗa su sayi ɗaya mai kyau. Kafin nan a ɗinka 'yar jaka a cika ta da wake, a ɗora a kan katanga ko kujera, a kwantar da kyamara a kai. Ta fi ƙafar banza tsayuwa nesa ba kusa ba.

Bayan an saya, saura iya aiki da ita. A fara zaro gaɓoɓi masu kauri kafin sirara. A rataya jaka a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar tsakiya idan ana iska, amma kada a bar ta tana lilo. A sa kyamara ta jira sakan biyu bayan an danna, domin yatsa ma yana girgiza ta. A bakin titi a jira babbar mota ta wuce. Ƙurar hunturu takan shiga maɗaurai. A kwance a goge, kada a kwarara mai, don mai yana tara ƙura. Idan an kafa ta a laka a bakin kogi, a wanke a shanya, in kuma hadari ya taso da walƙiya a naɗe ta a nemi mafaka. Bugu da ƙari, ƙafa tana sa a ga mutum daga nesa, don haka a fara gaida mai unguwa, a nemi izinin masu gadi da masu gida, a kuma nisanci wuraren tsaro irin su masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kakuri.

'Yan'uwa, a garin nan muna da Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, inda masu bincike ke zuwa daga nesa. Abin da suke karantawa a can, wasu ne suka kula suka adana. Tarihin ma'aikatan masaƙa kuwa har yanzu da yawansa yana cikin akwatuna da zukatan dattawa, kuma hoton da ba a iya karanta rubutunsa ko gane fuskar da ke ciki ba zai zama shaida ga kowa ba. Mu dai mun sayi tsohuwar ƙafa ta alminiyam mai gaɓa uku, muna karɓa-karɓa da ita, kuma a hutu mai zuwa za mu koma Maƙera. Duk wanda ke da kaka ko maƙwabci da ya yi aiki a masaƙa, muna roƙonsa ya same mu bayan an tashi.