AIKIN RAYA ƘASA DAGA GINDI YAKE FARAWA: JAWABI GA JAMA'AR BAKURA

Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan'uwana manoma, mata da samari na Bakura, Talata Mafara da Maradun, barkanku da zuwa.

Babban zaɓe yana tafe, kuma za ku ji alkawari kamar ruwan Agusta. Tambaya ɗaya ce jam'iyyarmu ta kawo muku yau: idan an ce za a raya ƙasarmu, wane ne zai yanke shawara, kuma wa za mu riƙe idan aiki ya lalace?

Amsar tana nan ƙofar gidanmu, watau Bakolori. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An kwaikwayo wannan tsari ne daga ƙasashen waje, irin su Amurka, wadda ta kafa hukumar kwarin kogin Tenesi a 1933. Aka bai wa kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka gama madatsar ruwa a 1978. A Ikko aka yanke shawara, baƙi suka zana taswira, manomi kuwa sai ganin katafila ya yi a gonarsa. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun. Fadamun da ke ƙasa da dam suka daina samun ambaliyar da ake noman shinkafa da ita, su ma masunta suka ji a jikinsu. Da manoma suka tare hanya suna neman diyya, sai aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980, aka zubar da jini a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Dattawan da ke zaune a nan sun fi ni sanin wannan rana.

Jama'a, dam ba shi da laifi. Albarkacinsa ake noman rani a nan. Laifin na tsarin ne, wanda ya ɗauko aiki daga sama bai tambayi na ƙasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi ya sa magudanan ruwa suka yi shekaru suna cushewa, har sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING, domin gyara.

To, yau hawa nawa ne a kanmu? Akwai ƙaramar hukuma. Akwai Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996. Akwai Gwamnatin Tarayya da hukumar kogunanta. A 2024 kuma aka ƙara Hukumar Raya Arewa maso Yamma. Yawan hukumomi ba aibi ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aibin shi ne a rasa mai ɗaukar nauyi. Ka je ƙaramar hukuma a ce na jiha ne, ka je Gusau a ce na Abuja ne, ka dawo gida shukarka ta bushe. Haka nan batun 'yan bindigar da suka raba mutane da gonakinsu: kowane hawa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tuntuni. Tun 1988 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida cewa kuɗin raya yankuna marasa ƙarfi sai an tsara kashe su tare da hukumomin yankin da kansu. Mu ma mun fara samun ƙofa. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a biya ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Amma hukunci a takarda ba ya haƙa rijiya, sai an sami masu tsaya masa.

Sa'an nan ruwa bai san iyaka ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, ya komo ya faɗa Rima. Namu gulbin ya haɗu da Rima, su zuba cikin Kwara, wadda ƙasashe 9 suke da hukuma guda a kanta a Yamai. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar. Duk da haka, da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ba wanda ya tambayi ɗan kasuwar Talata Mafara yadda zai yi da hajarsa.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai.

Na ɗaya, kason ƙananan hukumomi 14 na Zamfara ya shigo hannunsu cif, kuma a liƙa lissafin kowane wata a bangon sakatariya, kowa ya karanta.

Na biyu, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan Bakolori su sami kujera da ƙuri'a a wurin da ake tsara sakin ruwa da kuɗinsa.

Na uku, a rubuta yarjejeniya a fili: wa ke da gyaran dam, wa ke da babbar magudana, wa ke da hanyar fito da amfanin gona.

Na huɗu, kada sabuwar hukumar raya yanki ta sa hannu a wani aiki a ƙasarmu sai an zauna da mutanen mazaɓar, kuma a biya diyya kafin katafila ta shiga gona.

Na biyar, wakilanmu a Majalisar Tarayya su matsa a ci gaba da zama da maƙwabtanmu na Nijar kan ruwa, kiwo da ciniki.

'Yan'uwa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku karanta masa waɗannan guda biyar, ku ce ya amsa a gaban jama'a. Wanda ya kawo atamfa da sabulu bai kawo amsa ba, ku san ba ku yake so ba. Ku adana katinku, ku fito da sassafe ran zaɓe, ku jefa wa jam'iyyarmu, ku tsaya har a ƙirga.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.