Amsar Wasiƙunku: Tabarmar Kaba Daga Hannun Ɗan Ci-rani

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito daga wani mai sayar da hatsi a yankin Mai'aduwa, ya kuma roƙa kada a ambaci sunansa. To, mun ji.

Ya ce a zawiyyar da suke wazifa akwai wani baƙo, ɗan ci-rani daga wajen Mayahi ta Jamhuriyar Nijar, wanda suka saba da shi wata 3 ke nan, kullum kafaɗa da kafaɗa a sahu. Ran nan bayan zikirin Juma'a sai baƙon ya miƙo masa tabarmar kaba ta salla, ya ce shi ya saƙa masa da hannunsa. Shi kuwa mai wasiƙa, don tausayi, ganin mutumin ga-ruwa yake yi, sai ya zaro naira 2,000 ya ba shi. Baƙon bai karɓa ba, fuskarsa ta sauya, tun daga ranar kuma sai ya koma can ƙarshen sahu. Tambayarsa ita ce: ina laifina, ba an ce yaba kyauta tukuici ba?

To Malam, niyyarka mai kyau ce, amma gaskiya ka yi kuskure. Tukuici, yadda muka tashi muka tarar, na ɗan aike ne. Da yaro ya aiko da tabarmar, ka ba yaron abin sayen ƙosai, babu wanda zai ce uffan. Amma mai abu da kansa ya kawo, a gaban 'yan'uwa, ka sa hannu a aljihu. Abin da ya ji a ransa shi ne ka yi wa kayansa kuɗi, wato ka mai da shi ɗan talla.

Ko ka san aikin da ke cikin wannan tabarma? Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. Ƙasar da abokinka ya fito kuwa gidan kaba ce, domin kwarin da ya ratsa yankin Mayahi sunansa ma Gulbin Kaba. Sai an yanko ta, a shanya, a tsaga siri-siri, wadda za a yi ado da ita a rina ta. Sannan a yi ta saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu, kamu bayan kamu, daga baya a ɗinke layukan su zama shimfiɗa. Mutumin da ya wuni yana tura kurar ruwa, yaushe ya sami sukunin wannan? Da dare ne, lokacin da ya kamata ya miƙe bayansa. Tabarmar leda tana nan jibge a kasuwa, da sauƙi yake nema da ita zai sayo. Barcinsa ya rage ya ba ka, kuma bai ga wanda ya cancanta ba duk garin sai kai.

Ni ma na taɓa yin irin wannan wauta. Ina sabon malamin firamare a wani ƙauye, wani dattijo ya saƙo mini malafa saboda ya ga ina tafiya a rana. Na ce, "Baba, nawa ne?" Har na bar garin nan bai daina yi mini gori ba, cikin raha dai, amma na gane ta taɓa shi.

Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yana karɓar kyauta, yana kuma sākawa a kanta. Hadisin yana cikin Buhari, daga Nana A'isha. Saboda haka ramawa sunna ce. Sai dai ba a ce a rama nan take, hannu da hannu, kamar ciniki ba.

Ga shawarata. Wannan Juma'ar ka ɗauki tabarmar nan ka tafi da ita zawiyya, ka shimfiɗa inda zai gani, ka kira shi ku zauna a kai tare. In an shafa fatiha ka ja shi gefe, ba a gaban mutane ba, ka ce, "Ɗan'uwa, ka yafe ni, ban san darajar abin da ka ba ni ba sai da na yi salla a kai." Kada ka ƙara kawo zancen kuɗi. Ka gayyace shi gida cin tuwon dare, ka tambaye shi iyalinsa da gonarsa.

Kuma ka hanzarta, don ɗan ci-rani da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, gida zai nufa. Ranar da zai tafi, kai da hatsi ne sana'arka, ka auna masa tiya 5 ta gero ko wake mai kyau, ka ce ga iri a kai wa gona, a gaida mutan gida. Wannan zai karɓa, in Allah ya yarda.

Ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare. Sai wasiƙa ta gaba, wadda ta zo daga wata baiwar Allah a kan rikicin adashi.