Lambar Da Ke Bayan i5: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Zaɓi Laftof



Yankinmu ba baƙo ba ne a harkar kwamfuta. Tun zamanin mulkin Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi gwamnan Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a nan Kazaure. Ga kwalejin Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka yaron Gwiwa ko na Roni da bai taɓa riƙe linzami ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Buƙata ta kai har uba yana sayar da buhunan riɗi ko ragon da ya turke don ya saya wa ɗansa laftof. Kuɗin da aka samo ta wannan hanya bai kamata a zubar da su a kan sitika ba.

Na ce sitika da gangan. In ka shiga shago a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, abin da za a fara nuna maka shi ne 'yar takardar nan mai sheƙi da ke manne kusa da madannai. "Alhaji, wannan i7 ce, ba ta da sa'a." Kai kuma ka taɓa ji cewa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, sai ka miƙa kuɗi. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, i7 ɗin ce. Abin da bai faɗa ba shi ne shekarunta. Mai sayen doki ba ya tsayawa kan kwalliyar sirdi, baki yake buɗewa ya duba haƙora, kuma haƙoran firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, su ne lambobin da ke biye da sunan.

Ku ɗauki i7-2620M. Lambar farko bayan ɗan layin, wato 2, tana nufin zubi na biyu, na 2011. Ku ɗauki i5-8250U: zubi na takwas ne, na 2017. Ta biyun ta fi ta farkon nesa ba kusa ba, ko da yake sunanta ya fi ƙanƙanta. Kai, ta ma fi i7-7500U da ta girme ta da shekara guda kacal, domin a zubi na takwas ne kamfanin Intel ya ninka ƙwayoyin aikin irin waɗannan firosesa daga biyu zuwa huɗu. Daga zubi na goma lamba biyu ake karantawa, don haka i5-1135G7 zubi na 11 ce, kada wani ya ɗauka ta ɗaya ce.

Me ya sa nake nanata takwas? Saboda a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas take karɓa, a laftof masu AMD kuma daga Ryzen 3000 zuwa sama. Wannan ya sa ofisoshin Turai da Amurka suke ta sauke tsofaffin injinansu, su kuma suke biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su ratso Ikeja su iso mana. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, kuma takan tashi. Amma ni ba zan ba marayan da zai yi shekara huɗu a jami'a shawarar ya dogara da dabara ba.

Sai harafin ƙarshe. U na nufin mai tattalin wuta, tana cin kimanin wat 15. H kuwa takan kai wat 45, an yi ta ne don masu tace bidiyo da manyan wasanni. Mu da muka san halin wutarmu, muka san zafin Afrilu da kan haura digiri 40, muka san yadda ƙurar hunturu ke toshe fanka, in muka ɗauki H wahala ce kawai muka sayo. Za ta shanye batir kafin a gama lacca biyu, ta ƙona maka cinya, in kuma da ɗan sola kake caji ta durƙusar da shi kafin isha'i. Aikin yawancinmu rubuta furojet ne, da lissafi a Excel, da cike fom a intanet, da kallon darasi. U ta wadatar.

Akwai wani tarkon ta ɗaya ɓangaren: sabuwa dal a kwali, mai araha, ɗauke da Celeron N4020 da RAM giga 4 da aka liƙe shi ba ya ciruwa. Tana da kyan gani a ranar farko. Buɗe shafi shida ka kira Zoom, sai ka tafi alwala ka dawo tana juyi. In dole sai sabuwa, N100 ta 2023 mai ƙwaya huɗu ta fi dama-dama, Ryzen 5 5500U kuma ta fi su duka in aljihu zai kai.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ta hannu daga cikin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu a 2018: ThinkPad T480, ko Dell Latitude 5490, ko HP EliteBook 840 G5. Jikinsu na jure jijjigar babur, kayan gyaransu kuma suna nan a Kano. Rarar da ka samu don ba ka bi i7 ba, zuba ta a wuri biyu. RAM ya kai giga 8. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, kada ta zama tsohon faifan nan mai juyawa da za ka ji yana ƙyas-ƙyas in ka kara kunne. Sau da yawa nawar da ake ɗora wa firosesa laifin wannan faifan ne.

Kafin ka ƙirga kuɗi, kunna ta da hannunka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga cikakken sunan firosesa da yawan RAM da irin ma'ajiyar. Sitika ana iya ɓamɓarowa a manna wa wata. Sa a cire caja, ka kunna bidiyo na kamar rubu'in awa ka ga yadda batir ke sauka, ka sa tafin hannu a ƙasanta ka ji zafin. Ka kuma roƙi a shiga BIOS a gabanka, domin wasu na zuwa da makullin ma'aikatar da ta sauke su. Rasit kuma a rubuta cikakkiyar lambar firosesar a kansa, da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita in ta ba da matsala.